Bayani A Kan Makafi Da Sauran Naƙasassu A Cikin Binciken Likitoci

Ku sani likitocin zamanin nan ba su yanke hukunci a kan wata cuta, ko su amince da wani magani, sai bayan sun yi bincike a jikin mutane. Da yake ba shi yiwuwa a duba jama'ar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, sai su zaɓi waɗansu su duba, su rubuta siffofinsu, watau shekarun mutum, da ko namiji ne ko mace, da inda yake zaune, da iyakar karatunsa, da sana'ar da yake ci da ita. Sa'an nan su yi ƙiyasin sauran jama'a a bisa waɗannan. Mai sayen hatsi ya san wannan aiki tun kaka da kakanni. Ba ya zazzage buhu a ƙasa ya duba kowace ƙwaya, hannu yake zurawa ya ɗebo kaɗan. Amma in ya ɗebo daga bakin buhu kaɗai, bai taɓa tsakiya da gindi ba, to, cikin duhu ya yi cinikinsa.

Mas'alar da za a yi magana a kanta ita ce ta makafi da kurame da guragu da kutare da masu raunin hankali, waɗanda ake tarawa da suna ɗaya a ce naƙasassu, ko kuwa masu buƙata ta musamman kamar yadda ake faɗa yanzu. Shin hannun likita yana kaiwa gare su sa'ad da yake ɗiba? In ya kai, su wane ne yake samu, tsofaffi ko yara, maza ko mata, na Arewa ko na Kudu? Amsar tana da nauyi ƙwarai, domin da irin waɗannan alƙaluma ne hukuma take raba likitoci da kuɗin magani, wanda kuwa ba a rubuta ba, ba a ware masa kaso.

Misali mafi kusa shi ne babban binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga shekarar 2005 zuwa 2007. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce ta ɗauki nauyinsa tare da ƙungiyar Sightsavers da makarantar likitancin ƙasashe masu zafi da ke birnin Landan. Cikin likitocin da suka yi aikin akwai Dakta Fatima Kyari da Dakta Muhammad Mahdi Abdull, da Farfesa Clare Gilbert daga Ingila. An zaɓi wurare 305 ta hanyar ƙuri'a, unguwannin birni da ƙauyuka, a jihohi 36 da Abuja, a kowane wuri kuwa ana neman wajen mutum 50 waɗanda suka kai shekara 40 ko suka wuce. Aka bi gida gida aka rubuta sunayen mutane fiye da 15,000, aka samu duba idanun 13,599 daga cikinsu, watau kusan tara cikin kowane goma.

Yadda aka gwada ganin yana da hikima. Ba a nemi mutum ya san baƙi ko wasali ba. Akan kafa masa allo daga nesa, a jikinsa akwai wata alama mai yatsu uku, wani lokaci suna duban sama, wani lokaci ƙasa, ko dama, ko hagu, ana rage girmanta kaɗan kaɗan, shi kuwa sai ya nuna da hannunsa inda yatsun suka fuskanta. Manomi da alƙali duka daidai suke a gaban wannan allo. Sai dai a lura, makaho a istilahin likitoci ya fi faɗi bisa makaho a bakin jama'a. A wurinsu, duk wanda idonsa mafi kyau ba ya iya ganin abu daga mita 3, watau kamar taku huɗu, alhali lafiyayyen ido yana ganinsa daga mita 60, to, makaho ne, ko da yana rarrabe dare da rana, ko da yana zuwa gonarsa ba ɗan jagora.

Da aka gama lissafi sai aka tarar mutum 42 cikin kowane 1,000 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. In aka ƙiyasta wannan a kan ƙasa duka a lokacin, ya kai mutum miliyan 1 da dubu 130. In kuwa aka haɗa da waɗanda ganinsu ya yi rauni matsakaici ko mai tsanani amma bai tafi ba, sun kai miliyan 4 da dubu 250. Wannan jimla ce kawai. Fa'idar aikin tana cikin rarrabewa.

Na farko dai shekaru. Cikin masu shekara 40 zuwa 49, makafi ba su cika ɗaya cikin 100 ba. Cikin waɗanda suka kai 80 kuwa, sun kai 23 cikin 100, kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Wannan ba zai ba kowa mamaki ba. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne yadda mutane suka saba ɗaukar makantar tsoho kamar furfura, abin da ba makawa sai ya zo, alhali binciken ya nuna kashi 84 cikin 100 na makantar nan ana iya hana ta aukuwa ko a warkar da ita. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43, ita kuwa aikinta a asibiti ba ya cin sa'a guda. Mai bi mata ita ce gilakoma, wadda waɗansu ke kira hawan jinin ido, da wajen kashi 17. Wannan muguwa ce, ba ta zafi galibi, tana cin gani daga gefe a hankali, abin da ta cinye kuwa ba ya dawowa, sai dai a tsare saura in an gane ta da wuri.

Mata sun ɗan fi maza makanta, kashi 4.4 a kan kashi 4. Tazarar ba ta da yawa a takarda, amma dalilanta sanannu ne ga duk mai iyali. Namiji in idonsa ya dame shi yakan sayar da akuya ya hau mota. Mace sai ta nemi izini, ta nemi kuɗi, ta nemi mai rakiya, ta nemi wanda za ta bar wa yara da girki, kafin waɗannan su haɗu shekara ta juya. Har wa yau amosanin ido, wanda ke tanƙwara gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har ta yi tabo, ya fi kama mata, domin su ne ke rainon yaran da cutar ke yawo a tsakaninsu.

Sai maganar karatu, ita ce ta fi buƙatar hattara. An samu kusan kashi 6 cikin 100 na waɗanda ba su iya karatu ba makafi ne, waɗanda suka iya kuwa kashi ɗaya da rabi, watau kusan ninki huɗu. Mai gaggawa zai ce ashe karatu maganin makanta ne. Ba haka lissafi yake tafiya ba. Tsofaffi su ne suka fi makanta, su ne kuma suka fi rashin shiga makaranta, saboda haka sai an cire rabon tsufa tukuna. Masu binciken sun cire, bambancin ya ragu amma bai ɓace ba. Abin da ya saura galibi alama ce ta talauci da nisa da asibiti. Akwai kuma wanda ƙyanda ta makantar tun yana goye, shi makantarsa ce ta hana shi karatun ido, ba rashin karatun ne ya makantar da shi ba. A nan malamai suna da abin cewa. Takardun tambaya na irin waɗannan ayyuka sau da yawa ajin makarantar boko suke ƙirgawa, sai alaramma wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ya faɗa layi ɗaya da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, balle makahon da ya haddace da kunne. Layin da ya tara waɗannan duka, a kira shi da suna ɗaya, awonsa yana da algus.

Game da wurin zama, Arewa ce ta fi ɗaukar kaya. Yankin Arewa maso Gabas shi ne kan gaba da kashi 6.1, Kudu maso Yamma ne a ƙarshe da kashi 2.8. Amma ta wajen adadin kawuna, Arewa maso Yamma ce ta fi kowa yawan makafi, saboda yawan jama'arta. Ƙarancin likitocin ido da nisan hanya suna cikin dalilai, haka kuma ƙura da ƙarancin ruwan wanke fuska da ƙudaje, waɗanda amosanin ido ke so.

Akwai wani dalili kuma da ba a son faɗa a fili. Cikin idanun da aka tarar an taɓa yi musu aikin yana, fiye da huɗu cikin goma ba a asibiti aka yi ba, masu yawo ƙauye ƙauye ne suka yi, waɗanda ke soka tsinke mai kaifi a gefen ido su tura yanar ta faɗa ciki. Zama a Arewa shi ne babban abin da ya haɗa waɗanda aka yi wa haka. Abin da jama'a ke kira yana, haƙiƙa ƙwayar gilashin ido ce ta halitta ta yi fari. In aka ture ta, haske yakan shiga nan take, mutum ya ga inuwar 'ya'yansa ya yi murna, ya biya, mai tsinke ya kama hanya. Amma ido ya rasa abin da ke tattara masa hoto, sai da tabarau mai kauri, ita kuwa ƙwayar da aka tura tana iya tayar da kumburi daga baya. Da likitoci suka gwada waɗannan idanu, wajen bakwai cikin goma makafi ne. A asibiti fitar da ita ake yi ɗungum, a sa ta roba a gurbinta. Ba a zargin tsohon da ya miƙa idonsa ga mai tsinke, shi ne ya zo masa har zaure ya karɓi abin da ya sawwaƙa, likita kuwa yana tafiyar yini.

Duk da kyawun wannan aiki, akwai waɗanda hannunsa bai kai gare su ba. Ɗaya cikin goma na waɗanda aka rubuta ba a samu duba su ba. Sa'an nan ƙidayar ta mazauna gida ce. Makahon da ke yawon bara daga gari zuwa gari, da ɗan ci-rani, da makiyayi mai bin ruwa da ciyawa, da falke mai kwana a zango, da wuya su faɗo cikin irin wannan koma. Alhali a manyan biranen Hausa kamar Kano, makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu tun da daɗewa, waɗanda suka san mutanensu da suna da masauki. Mai bincike da ya fara kai gaisuwa wurin Sarkin Makafi zai ji abin da takardar ƙuri'a ba za ta gaya masa ba. A tuna kuma alƙaluman nan na 2007 ne, yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun isa aure.

To, wannan makanta ke nan, wadda ake iya aunawa da allo. Sauran naƙasa fa? Su galibi da tambaya ake gane su, tambaya kuwa yadda aka yi ta haka take haihuwa. Ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006 ta samu naƙasassu miliyan 3 da 'yan kai, kashi 2.3 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kashi 15 na mutanen duniya a rahotonta na 2011, ta ɗaga zuwa kashi 16 a 2022, watau mutum biliyan 1 da miliyan 300, ɗaya cikin shida. Ba wai mutanen Nijeriya sun fi na duniya lafiya ninki bakwai ba ne. In baƙo ya yi sallama ya ce wa mai gida, akwai naƙasasshe a gidan nan, abin da zai zo masa a zuci shi ne gurgu mai rarrafe. Ba zai tuna da mahaifiyarsa da ba ta jin kira sai an ɗaga murya ba, ko wansa da ɓarin jiki ya shanye wa hannu. In kuwa 'yarsa ce budurwa mai farfaɗiya, zai ce babu, don kada magana ta kai kunnen masu neman aure.

Saboda wannan ne masana ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa wani kwamiti a 2001, wanda ake kira da sunan birnin Washinton inda ya fara zama, ya tsara tambayoyi shida waɗanda babu kalmar naƙasa a cikinsu ko sau ɗaya. Ana tambaya ne ko mutum yana shan wahala wajen gani ko da ya sa tabarau, ko wajen ji, ko wajen tafiya da hawan matakala, ko wajen tuna abu da tattara hankali, ko wajen wanka da sa tufafi da kansa, ko wajen fahimtar magana da fahimtarwa a cikin harshensa. Amsa kuwa hawa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai da yawa, ba ya iyawa sam. Da aka yi amfani da irinsu a binciken lafiyar iyali na Nijeriya na 2018, sai aka samu kashi 7 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa sama suna da wata wahala, kashi 1 kuwa wahalarsu mai tsanani ce. Ko a nan ma mutum ɗaya ne ke amsawa a madadin gida duka, mai gida kuwa ba kullum ya san ciwon da matar ƙanensa ke ɓoyewa ba.

Amfanin rubuta wannan siffa ya bayyana a Ingila lokacin annobar korona. Da yake ƙidayarsu ta 2011 ta tambayi kowa halin jikinsa, sai ofishin ƙididdigarsu ya haɗa wannan da rajistar mamata, ya tarar cikin waɗanda cutar ta kashe daga Janairu zuwa Nuwamba 2020, wajen shida cikin goma naƙasassu ne, alhali ba su kai ɗaya cikin biyar na jama'ar da aka lissafa ba. Da ba a yi tambayar ba, da sun mutu ba wanda ya san ta wace ƙofa ɓarnar ta fi shiga.

Akwai wani irin bincike dabam, shi ne gwajin sabon magani, a nan ne labari ya fi ɗaci. A da, naƙasassu su ne ake fara gwaji a kansu, don suna tsare a gidajen hukuma, ba su da bakin ƙi. A wata makarantar yara masu raunin hankali da ake kira Willowbrook a birnin New York na Amurka, daga 1956 har farkon shekarun 1970, likitoci a ƙarƙashin Dakta Saul Krugman sun riƙa sa wa yara ƙwayar ciwon hanta da gangan don su ga yadda take tafiya. An samu ilmi a ciki, domin aikin ya taimaka wajen rarrabe iri biyu na cutar, amma da jikin yaran da ba su san abin da ake yi musu ba aka saye shi. An rufe gidan a 1987. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa aka tsananta sharaɗin cewa ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa bayan an fahimtar da shi.

Sai kuma aka gudu daga wannan gefe aka faɗa wancan. Masu gwaji suka ga hanya mafi sauƙi ita ce a bar naƙasasshe a waje gaba ɗaya. A 2022 waɗansu masana na birnin Boston suka duba ƙa'idodin gwaji 97 na cututtuka huɗu, ciwon sukari da kansar huhu da ciwon damuwa da ruɗewar tsufa. Suka tarar kashi 68 cikin 100 suna da sharaɗin da ke fitar da masu taɓin hankali, kashi 42 masu raunin fahimta, kashi 34 masu raunin gani, kashi 10 masu raunin ji. Kashi 18 ne kaɗai suka faɗa a sarari cewa mutum yana iya shiga da abin taimako ko mataimaki. Wani lokaci akwai hujja ta likitanci, amma sau da yawa ba a kawo hujjar kome ba. Ku duba ciwon sukari, shi da kansa yana makantarwa, yana sa a yanke ƙafa. In aka gwada maganinsa a kan masu gani da masu tafiya kaɗai, sa'an nan aka sayar wa kowa, to, waɗanda ciwon ya fi cin ƙarfinsu su ne aka fi jahiltar yadda maganin zai yi musu. A watan Satumba 2023 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sanya naƙasassu cikin jerin jama'ar da aka tabbatar ana barinsu a baya wajen lafiya.

Ta wajen doka, Nijeriya ba ta rasa abin riƙewa ba. Ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashenta na 15 ya hana gwajin likita a kan mutum ba da yardarsa ba, sashe na 31 kuwa ya wajabta wa hukuma tattara ƙididdigarsu. Akwai ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007, akwai kuma dokar hana wariya ga naƙasassu da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019. Abin da ya rage shi ne aiki a zaure da tsakar gida. Makaho sai an karanta masa takardar yarda cikin harshen da yake ji, a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, kafin ya dangwala yatsa. Ɗan jagoransa mai shekara goma ba shaida ba ne. Kurma yana da harshensa, maganar hannu ta Hausa, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Amma in ba a zo da tafinta ba, sai a kira ɗan'uwansa ya fassara, a tambayi mace kurma al'amarin haila ko na aure ta hannun wanta, a rubuta abin da ya ga dama ya faɗa a ce ita ta faɗa. Mutane da yawa kuma waɗanda ake sa su dangwala yatsa don ba su iya boko ba, da an kawo musu takardar cikin ajami da sun karanta da kansu sun sa hannu.

Malamin unguwa ko shugaban 'yan kasuwa da masu bincike suka zo neman ya tara musu jama'a, yana da ikon ya tambaye su wane kwamiti ya ba su izini, da ko za su bi tsohuwar da ba ta iya fitowa har ɗakinta, da abin da za a yi wa wanda aka tarar da cuta a jikinsa, da ranar da za su dawo su faɗi abin da suka gano. Wanda aka nema ya shiga kuwa, mai gani ne ko makaho, yana da ikon ya ƙi, yana da ikon ya shiga ya fita a tsakiya, ƙa'ida kuma ta hana a rage masa kome daga maganin da ya saba karɓa a asibiti saboda ƙin da ya yi.